Ranar Alhamis da Na Hau Gyaran Eriya

Har yau idan na tambayi wani jikin mara lafiya ya ce mini "da sauƙi", sai raina ya ɓaci. Na san ba laifinsa ba ne, haka muka taso muka ji ana faɗa. Amma ni na tsani maganar nan, kuma ba na ɓoyewa.

A shekarun da nake ba da labari, wayar hannu ba ta iso ba. Ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a Kankiya. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana Ƙofa, can ƙasar Kusada, a gidan ƙanenta Kawu tun bayan rasuwar babanmu. Ciwon zuciya ne ya kama ta. Ƙafafu su kumbura su saɓe, in ta kwanta numfashi ya yi mata wuya, sai an tara mata matashi ta jingina. Duk Asabar nakan hau babur in je in kwana, in dawo Lahadi. Tsakanin Lahadi da wata Asabar kuwa, ba ni da labari sai wanda direbobin motar kasuwa suka kawo, su kuma baki ɗaya gare su. Ka tsare mutum a tasha, ka ce ka ga tsohuwa? Ya ce ƙwarai kuwa. Ya jikin? Da sauƙi. Wani ma ko zauren gidan bai leƙa ba.

Ita kanta Inna ba ta da taimako a wannan fage, domin ni ne ɗanta na fari. Ba ta taɓa kiran sunana ba tunda ta haife ni. Idan dole ta kama sai ta ce "na Kankiya", kafin nan kuma "wancan" nake. Zan zauna a bakin tabarmarta in gaishe ta, ta kawar da kai ta amsa wa bango. Ƙannena su hau gadonta su yi ta surutu, ni sai dai in ajiye magani in fita. Na saba, ban taɓa ɗaukar abin ƙiyayya ba, kunya ce irin tasu. Sai dai macen da ba ta iya kiran sunanka, ba za ta aiko a ce kana ina, ina jin jiki ba.

Wata Asabar na je na tarar ashe ta yi kwana uku a kwance a ɗakin shan magani ana ƙara mata ruwa, har an sallame ta. A cikin makon nan direba biyu na tambaya. Na tsaya a tsakar gidan Kawu, na ce don me ba a aiko mini ba? Ya ce, "To ai ga ta nan ta tashi. Da an aiko ma, mi za ka yi wanda ba a yi ba?" Na hau babur ina ta cizon yatsa, kafin in kai Kafinsoli na riga na yanke abin da zan yi.

Tun ina ɗalibi nake da ciwon rediyo. Na yi jarrabawa na sami lasisin masu rediyon sha'awa, wato mutanen da hukuma ta yarje wa su yi magana da juna ta iska ba don kasuwanci ba. A wata tsohuwar mujalla na karanta wata hanya da ake kira fakiti. Maimakon ka yi magana, rubutu za ka yi a kwamfuta, wani ɗan akwati ya yanyanka rubutun ƙulli-ƙulli kamar ƙullin gishiri, ya mayar da kowane ƙulli ƙara, rediyo ta tura. Na'urar can ɓangaren ta karɓa ta duba, in ƙullin ya iso lafiya ta amsa, in ya lalace a hanya a sake turo shi har sai ya zo daidai. Harafi ɗaya ba ya ɓacewa. Abin da aka rubuta a Kusada shi za ka karanta a Kankiya.

Wannan ne ya ja ni, ba don burga ba. Na san mutanenmu. Idan ka ba mutum abin magana a zaure cike da jama'a ka tambaye shi uwar wani, bakinsa da kansa zai ce da sauƙi kafin ya yi tunani. Amma rubutu, mutum shi kaɗai ne da yatsunsa. Haka na ɗauka, ni mai wayo.

Ina da aboki a Kusada, malamin gona, tare muka yi makaranta tun firamare. Aikinsa kan bi da shi ta Ƙofa kusan kullum, kuma Inna ta ɗauke shi ɗa, shi tana kiran sunansa har ta yi masa tsiya. Mutum ne mai sanyi, irin wanda akuya za ta ci masa takarda ya ba ta haƙuri. Na tasa shi gaba da karatu wata da watanni har shi ma ya ci jarrabawar ya sami nasa lasisin.

Kayan da ake sayarwa a haɗe daga waje sun fi ƙarfin malamin makaranta, ko kallonsu ban yi ba. A wajen 'yan gwangwan a Kano na tsinci rediyon oba-oba guda biyu da wani kamfanin aikin hanya ya zubar, ɗaya ma da busasshen kwalta a jikinta. Na buɗe su na juya su zuwa zangon da aka ware mana. Kwamfutoci biyu na gwanjo na samu, tsofaffi masu baƙin gilashi, waɗanda ba mai so, amma suna iya aiki da batirin mota. Ɗan akwatin da ke mayar da rubutu ƙara kuwa da hannuna na haɗa shi, da dalma da ƙananan kayan da na tsinto, na zaunar da shi cikin gwangwanin alewa. Eriya na yanka daga sandunan tsohuwar eriyar talabijin, na jera su a kan katako, na ɗaure a gora, gorar kuma a bututun famfo. Kebur ne kawai ban yi wa rowa ba, don shi in ka sayi na banza ƙarfin rediyon a hanya zai tsiyaye kafin ya kai sama.

Wata uku abin yana ƙi. Na ƙona yatsa ba adadi, na ƙona wandon zuwa makaranta, uwar 'ya'yana ta ce ɗakin baƙi ya koma shagon mai gyara. Ga kuma hawa sama. A unguwarmu ba ka hawa soro haka kawai, sai an bi maƙwabta an ce za a hau, mata su shiga ɗaki ko su yafa mayafi. Ita ce ke wannan zagayen, har maƙwabta suka fara tambayarta ko maigidan nata ya koma zama a sama ne. Ran da abin ya yi, bayan la'asar ne. Rediyon ta yi wani ɗan gajeren ƙara, ƙirrr, layi ya fito a gilashi cewa an haɗu da Kusada. Na rubuta sallama. Can sai ga amsa tana fitowa, cikakkiya, har da tambayar ko na ci abinci. Na yi ihu sai da kaji suka watse.

A ranar muka yi sharaɗi, ni da shi, kuma a rubuce. Na ce Malam, wannan na'urar ba ta san kara ba, kai ma kada ka saka mata. Ban son da sauƙi, ban son an gode Allah kawai a tsaya. Ka gaya mini me ta ci, nawa ta ci, a tsaye ta yi salla ko a zaune, ƙafar ta kai ina. Idan abu ya ɓaci ka ce ya ɓaci. Ya rubuto cewa ya yarda, Allah ne shaida.

Ya kuma cika, wata biyar cur. Kullum bayan la'asar mu kunna, don batir ba ya jure yini. Zai rubuto, ta sha kunu ludayi biyu, ta bar tuwo. Ko ya ce, yau a tsaye ta yi azahar, ta zagi jikarta a kan tsintsiya. Wata rana ya ce ƙafar hagu ta kumbura har gwiwa, washegari da sassafe na je na kai ta asibiti aka canza magani, ta warware. Ran nan na ji na isa. Na riƙa faɗa a ɗakin malamai cewa na yi maganin ƙaryar Bahaushe da gwangwanin alewa.

Sai wani mako a ƙarshen bazara, ana ta iskar da ke zuwa gabanin ruwan fari. Na baro Inna ranar Lahadi tana zaune tana tsince wake. Litinin muka haɗu, malamin gona ya rubuto, "Da sauƙi. Ina sauri, an kira mu taro." Na ɗaure fuska ni kaɗai a ɗaki. Na rubuta, me ta ci? Ya ce kunu, ya katse. Talata ma haka, kalma biyu ya gudu. Na ce a raina mutumin nan ya fara gajiya da ni, zan yi masa tatas ranar Asabar.

Laraba abin ya canza. Rediyo ta yi ƙara, layi ya nuna an haɗu. Na jira. Ba ko harafi. Can sai layi ya nuna an katse. Bayan ɗan lokaci aka sake haɗawa, aka sake yin shiru, aka sake katsewa. Sau biyar haka kafin magariba. Na rubuta masa tambaya, na'urarsa ta amsa cewa ƙullin ya isa, amma daga gare shi babu komai. Da ina da hankali, wannan kaɗai ya ishe ni. Idan nawa yana isa can, har amsar na'ura tana dawowa, ai hanya lafiya lau take. Na san wannan, ni na haɗa abin. Amma na leƙa waje na ga iska ta ɗan karkatar da gorar, nan take na ce ga ɓarawon. Na fi son laifin ya zama na gora, don gora na san yadda zan yi da ita.

Alhamis ba ni da darasi bayan ƙarfe goma sha biyu. Na dawo gida na fara fito da igiya da filaya. Uwar 'ya'yana ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, tunda ka taso da wuri, mi zai hana ka tahi ka gano ta da idonka? Ga babur nan da mai. Kahin magariba ka dawo." Na daka mata tsawa. Na ce in kullum zan hau babur, wahalar me na sha wata uku? Na ce ta je ta gaya wa maƙwabta za a hau. Ta dube ni, ta ɗauki mayafinta ta fita.

Tun azahar nake kan soron nan. Na sauke gorar, na kwance eriyar, na goge kowace mahaɗa da yashi har tana ƙyalli, na sake liƙe kan kebur da dalma, na ɗaga, na juya ta gabas daidai saitin Kusada, na ɗaure da igiya uku. Rana ta gasa ni, kwanon rufin maƙwabci yana haska mini ido. Daga can sama ana hango hanyar da ke fita gari, na ga motoci da babura suna wucewa, ko a jikina. Na sauko na yi la'asar na kunna. Aka haɗu, shiru, aka katse. Aka sake haɗuwa. Sai ga rubutu: "Da sauƙi." Wallahi daɗi na ji. Na fita tsakar gida ina gaya wa matar nan cewa ga shi nan, na ce mata iska ce. Don in gwada gyaran, na canza batir na bar na'urar a kunne ta kwana.

Juma'a bayan na dawo sallar asuba na tarar da saƙo. "Ka zo yau in ka samu hali, jiki ya ɗan motsa."

Duk Bahaushen da aka aiko wa wannan magana da asuba ya san abin da ake nufi. Ba a ce wa mutum uwarka ta rasu alhali zai hau babur, sai a ce jiki ya motsa, shi kuma ya gane ya taso. Da direban tasha ne ya faɗa mini haka, ko takalmi ba zan tsaya nema ba. Amma wannan ta gilashina ta fito, inda muka yi rantsuwa ba a irin wannan magana. Na karanta ta yadda aka rubuta ta. Ya ɗan motsa, in na samu hali. Na ce to, in ba da darasin farko da na biyu, in nemi izini, in biya in sayi maganin kumburi, in wuce. Haka na yi, ban rage ko ɗaya ba. Har na tsaya mai shago ya nemo mini leda.

Da na shiga Ƙofa hantsi ya ɗaga sosai. Tun daga bakin gari na ci karo da maza suna dawowa ta hanyar maƙabarta, da fartanya da makara babu kowa a ciki, ƙafafunsu duk jar ƙasa. Na rage gudu don in ba su hanya, ina cewa a raina ko wa aka rasa. Sai na ga Kawu a gaba. Sai na ga ƙanena. Ban san yadda na sauka daga babur ɗin ba, na dai ji shi ya faɗi a bayana.

Kawu ya kama hannuna ya ce, "Sai haƙuri. Tun kiran assalatu ta cika. Mun jira ka, mun jira ka, rana ta yi, ga Juma'a, ba a barin gawa tana jiran mai rai." Na ce tun yaushe jikin ya tashi? Ya ce tun daren Lahadi. Na ce Kawu, kwana biyar? Ya ce, "Ita ta ce kar a tada na Kankiya, shina da aikin gwamnati. Ni kau na hana a buga maka. Mi za ka yi wanda Allah bai yi ba?" A gaban mutane ne, ga shi ƙanen uwata, ga furfura. Na haɗiye abin da ya taso mini, har yau yana nan inda na haɗiye shi. Aka raka ni na ga tudun ƙasa da ƙaya a kai, ɗanye, an yayyafa ruwa. Ledar maganin tana hannuna, ban ma san ina riƙe da ita ba.

Malamin gona yana cikin masu zaman makoki, kullum a can ƙarshen tabarma, ba ya yarda mu haɗa ido. Ban ce masa uffan ba sai da aka yi addu'ar uku. Ran nan da hantsi na bi shi Kusada, na same shi a ɗakin da muka ajiye na'urar. Ban zauna ba. Na ce Malam, da me na cuce ka? Na ce kai ka ce Allah ne shaida. Na ce direbobi ba su yi mini alkawari ba, Kawu bai yi mini ba, kai ka yi. Na ce da ka bar ni da jahilcina na da, da na ji jiki ya motsa na taho a guje na sami sallarta, kai ka koya mini in yarda da kai sannan ka yi mini irin tasu. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ba su rubutuwa. Muryata har waje, matarsa ta leƙo ta koma.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Duk abin da ka ce haka ne. Kawu ya riƙe hannuna ya ce in na buga maka bai yahe ba. Ita ma ta ce kar in yi. Dattijo da mara lahiya, ni wane ne?" Na ce kai ne wanda ya rantse. Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ran Laraba sau biyar ina zamna nan in kira ka. In ɗora hannu in rubuta, in kasa, in kashe. Na ce ko Allah zai sa ka ga shirun ka gane ka taho."

Na ce shirun? Na ce ai eriya ce, iska ta karkatar da ita, na yini a sama ran Alhamis ina gyara.

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Eriyarka ba abin da ya same ta, Malam. Tas nake ganinka."

Nan na zauna a kan buhun takinsa. Na zo da fushin mutum uku, na Kawu da nasa da na Inna ma, Allah Ya jiƙanta, don har ita na ji haushi, mace ta gwammace ta mutu da ta ce a kira mata ɗanta. Sai ga na huɗu ya fi su duka nauyi, kuma ba ni da wanda zan yi wa tsawa a kansa. Abokina ya karya alkawari, ban wanke shi ba, har gobe. Amma ya ƙwanƙwasa sau biyar, ni kuma na ɗauki filaya na hau sama.

Na tambaye shi abu ɗaya, ban san me ya sa ba. Na ce ran Alhamis ɗin yaya take? Ya buɗe baki kamar zai sake yi mini irin ta mutanenmu, na ce kada ka soma. Ya ce tana cikin hankalinta har magariba. Ya ce tun azahar ta sa aka jawo mata tabarma daga ƙuryar ɗaki zuwa bakin ƙofa, wai zafi take ji. Ba ta tambayi kowa ba, ba ta ambaci kowa ba. Amma duk babur ɗin da ya wuce ta bayan katanga sai ta ɗaga kai ta saurara har ƙararsa ta ɓace, sannan ta mayar da kai kan matashi. Da aka kira magariba ta ce a mayar da ita ciki.